Wanda Ba Ya Iya Cewa A'a, Ya Yarda Ke Nan?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wani aiki da yawancinmu muke rububinsa in hutu ya zo, wato rakiyar masu bincike. Ɗalibin mastar ko na dokta zai taso daga Faransa, Amurka ko Kanada, ko ma daga nan Yamai, yana son rubuta kundi a kan karatun ƴan mata, ko yaƙi da jahilci, ko abin da wata furoje ta bari a karkara. Ba ya jin Hausa, ko kuma ta littafi kawai yake ji. Sai a nemo ɗayanmu ya zame masa baki da kunne. A ba mu kuɗin yini, mu hau kat-kat, mu nufi Madawa, Buza ko Keita. Gobe kuma mu da kanmu za mu fita teran, kamar yadda muke cewa, da kaye da salular ɗaukar murya, don namu memuwar.

Kafin tambayar farko akwai ƴar takardar da ake karanta wa mutum. A ce masa ga abin da ya kawo mu, ba dole ba ne, ka yarda? Ya ce to. A cika gurbi a wuce gaba. Abin da nake so mu tauna a wanga rubutu shi ne: wannan "to" ɗin yarda ce? In kuma ba ta kai yarda ba, a wuyan wa nauyin yake?

Daga ina takardar ta fito

Takardar neman yarda ba wasa ba ce, wahala ce ta haife ta. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi wa likitocin Nazi shari'a a birnin Nuremberg saboda gwaje-gwajen da suka yi a jikin fursunoni. Daga nan, a 1947, aka fitar da ƙa'idar cewa ba a gwaji a kan ɗan Adam sai da son ransa. Ƙungiyar likitocin duniya ta ƙara ƙarfafa ta a Helsinki a 1964. Mu Hausawa ma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da aka zo ƙin allurar shan inna a arewacin Nijeriya a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Daga fagen likitanci ne ƙa'idar ta yaɗu zuwa binciken ilimi da zamantakewa. Wani zai ce, ai mu ba allura muke yi wa kowa ba, tambaya ce kawai. Gaskiya ne. Amma wanda ya zaunar da uwa awa biyu lokacin da ya kamata tana daka, ya tambaye ta me ya sa ta cire ɗiyarta daga lakkwal, nawa mijinta ya aiko daga Abija, sau nawa suka ɗora tukunya jiya, ya ɗauki wani abu daga jikinta shi ma. Ya ɗauki lokacinta da rufin asirinta. Da su zai sami digiri, da digirin zai sami aiki. Saboda haka neman izininta haƙƙi ne.

Ƙa'idar tana tsaye a kan ƙafa biyu: mutum ya san abin da ake nema gare shi, kuma ya kasance yana iya ƙi ba tare da ya ji tsoron asara ba. A Adar ƙafafun biyu duk suna ɗingishi, kuma dalilin yana cikin tarihinmu da cikin harshenmu.

Abin da kaye da bik suke nufi a Adar

Kusan shekara hamsin ke nan baƙo mai rubutu yana shiga ƙauyukanmu, kuma sau da yawa alheri yana biyo bayansa. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El-Buhari, aka buɗe furojen Keita: Italiya ta ba da kuɗi, FAO ta ja ragamar aiki, PAM ta riƙa biyan ma'aikata da cimaka. Maza sun tafi cin rani, don haka mata ne mafi yawan waɗanda suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka, suka ɗauki duwatsu a ka, suka dasa miliyoyin itatuwa. Kowace da sunanta a rajista, kuma da sunan ake auna mata rabonta. Bayan yunwar 2005 likitocin MSF sun daɗe suna jinyar yara masu tamowa a Madawa. A 2010 ƙungiyar Concern ta raba kuɗi a ƙauyukan jihar Tawa, wasu ta salula, masu bincike kuma suka bi baya suna auna abin da hakan ya canza.

To ku dubi abin da mutumin ƙauye ya koya daga wannan duka. Ya koyi cewa farko mota take zuwa da masu tambaya, a rubuta sunaye, bayan wata biyu ko uku a zo da hatsi, ko kuɗi, ko rijiya, ko aji. Wanda ba ya nan ranar rubutu, ba ya nan ranar rabo. Wannan ba jahilci ba ne, karatu ne na wanda ya ga jiya ya ga yau. Ɗalibin da ya sauko daga mota da kaye a hannu ya gaji wannan tarihin ko ya so ko bai so ba. Zai iya rantsuwa cewa shi ɗalibi ne kawai, amma motar da ya ara, da ma'aikacin ƙungiyar da ya gabatar da shi, da zaman da aka yi masa a ƙofar maigari, duk suna faɗin wata magana daban, kuma muryarsu ta fi tasa ƙarfi.

Kalmomin da ke juyewa a hanya

Nan ne karatuna na kimiyyar harshe ya hana ni sakat. Takardar ana rubuta ta da Faransanci ko Ingilishi, a ba mu mu mayar da Hausa, wani lokaci a cikin mota. Mu ɗauki kalmominta ɗaya ɗaya.

Kalmar farko ita ce "bincike". Mu a jami'a mun saba da ita da ma'anar nazari. A ƙauye bincike shi ne abin da jandarma ko ɗan duwan yake yi wa jakarka a kan hanyar Ƙonni. In ka guje ta ka ce "anketi", ka faɗa ɗaya ramin, don anketi ita ce tambayoyin da ke gabatar rabo. Kalma ɗaya tana sa tsoro, ɗayar tana sa rai, kuma babu wadda ta bar mutum da hankalinsa a kwance.

Ta biyu ita ce alkawarin ɓoye suna. A wajen jami'ar da ta rubuta takardar, wannan kariya ce. Na taɓa fassara wa wata ɗaliba baƙuwa wannan jimlar a wani ƙauye na gundumar Buza. Dattijuwar da ke gabanmu ta dube ni ta ce: "Ɗiyata, hwaɗa mata mun gode. Amma in ba ta rubuta sunana ba, ƙaƙa za a san da ni ran rabo?" Abin da aka kawo mata a matsayin kariya, ita barazana ta ji.

Ta uku ita ce sa hannu. Wanda bai yi lakkwal ba sai ya dangwala yatsa. Ina mutumin ƙauye yake dangwala yatsa? Wajen zaɓe, wajen shari'a, da wajen karɓar taimako. Ke nan takardar da ta gama cewa "ba za ki sami komi ba" tana rufewa da alamar da ke cewa "kin shiga lissafi". Baki ya ce a'a, tawada ta ce i.

Sai ita kanta "to". Duk Bahaushe ya san "to" ba ta da fuska ɗaya. Akwai to ta amincewa, akwai to ta "na ji ka", akwai to ta "ya zan yi", akwai wadda ake ja da tsawo don a nuna shakka. Yaro da aka aika ya ce to, matar da aka yi wa kishiya ma ta ce to. A rubuce duk harafi biyu ne, a gurbin takarda kuma duk "oui" ne. Sa'an nan mu ba ma ƙin baƙo kai tsaye. An ce baƙonka annabinka. Wanda ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa, ba a kallon idonsa a ce ba ni so. Ƙin namu yana da nasa tufafin: "sai na yi shawara", "maigidan ba ya nan", "yau ina da aiki, sai dai gobe in Allah ya kai mu", ko a yi shiru ana zane a ƙasa da tsinke. Mai bincike baƙo yana jin waɗannan a matsayin matsalar lokaci, sai ya ce to mu dawo da la'asar. Mu kuwa da muka sha su a nono mun san an riga an ba mu amsa.

A gundumar Keita abin ya ƙara hawa wani mataki, don akwai waɗanda Tamajak ko Fulfulde ne harshen gidansu. Ana yi musu tambaya da Hausa, suna amsawa da Hausar kasuwa, mu juya ta Faransanci, a rubuta ta da Ingilishi. Yardar da ta ratsa harshe huɗu, me ya saura a cikinta?

Abin da za a ce mini

Na yi wannan gardamar da abokai a ɗakin kwana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Na farko ya ce: wannan yardar mutum ɗaya tilo al'adar Turawa ce. Mu a wajenmu in maigari ya yarda, gari ya yarda, in miji ya yarda, gida ya yarda. Na amince da rabin maganar. Shiga gari ba da sanin maigari ba rashin kunya ne, kuma magana da matar aure ba da sanin mijinta ba na iya ja mata fitina bayan mun tafi. Amma izinin maigari izinin shiga gari ne. Ba shi ne mai labarin cikin da ya zube ba, ba shi ne mai bashin da aka ci don sayen hatsi ba. Ko a addininmu ba a halatta dukiyar mutum sai da daɗin ransa, kuma ko a aure ana neman jin ta bakin yarinya. Ra'ayin cewa mutum yana da abin da ba a taɓawa sai ya so ba daga jirgi ya sauko mana ba. Ƙari ma, in maigari ne ya aika aka kira mace, ƙinta ya ƙara wuya, don yanzu ba baƙo kawai za ta ƙi ba, har da mai garinta.

Na biyu ya ce: kina mayar da mutanenmu kamar yara. Ai sun fi mu wayo. Sun san abin da mai kaye yake son ji, su ba shi, ya tafi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Masu bincike na LASDEL a Yamai, cibiyar da aka kafa a 2001, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun yi rubutu a kan yadda mutanen karkara ke juya ƙa'idojin furoje su dace da rayuwarsu. Amma ku lura da inda hujjar ta kai mu. In uwa ta yi zaton amsarta ce za ta kawo kantin ta lakkwal, za ta ce yunwa ce ta hana ɗiyarta karatu, ko da ainihin dalilin shi ne yarinya ta shekara huɗu a aji ba ta iya karanta sunanta ba, ko mushen ba ya zuwa. Ɗalibin ya koma ya rubuta "talauci", ƙungiya ta karanta ta tsara shiri a kan talauci, ciwon na gaskiya yana nan. Ke nan yardar da aka gina a kan sa rai ba mai amsa kaɗai take cuta ba, har ilimin da aka fito nema take ruɓarwa. Ɗa'a da ingancin bincike a nan hanyarsu ɗaya.

Na uku ya ce: to a biya su mana, a huta. Ni ba na ƙin a kai goro, ko sabulu, ko a biya wanda ya bar gonarsa yini guda. Wanda ya ci lokacin mutum ya kamata ya san ya ci. Sai dai kuɗi ba ya warware tambayar, wani lokaci ma ƙara ɗaure ta yake. A watan Yuli, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, wace uwa ce za ta ƙi jika ɗaya don ta riƙe sirrinta? In kyautar ta yi girman da ba a iya ƙin ta, an sayi amsar ke nan.

Na huɗu shi ne mai nauyi: in ka fito fili ka ce babu abin da zai biyo baya, rabin mutane za su watse, samfurinka ya lalace, malami ya ƙi kundin. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba ni da dabarar da za ta share ta. Abin da zan ce kawai, waɗanda suka watse ɗin su ne shaidar cewa an ba da zaɓi na gaske. Binciken da aka tambayi mutum ɗari biyu babu ko ɗaya da ya ƙi, ni a wajena abin tuhuma ne. Mutane ba sa haɗuwa a kan son abu haka, sai in ƙofar fita a rufe take.

Nauyin tafinta

Galibi in ana wannan magana Bature ake nuna wa yatsa. Ni kuwa mu nake kallo. Baƙon yana da uzurin rashin jin harshe. Mu ba mu da shi. Mu ne muke jin bambancin to da to. Mu ne ake ja gefe a ce, "Ke ɗiyar wa ta? Hwaɗa muna gaskiya, mi za a ba mu?" A wannan daƙiƙar duk takardun jami'ar waje ba su da amfani, abin da ya fito daga bakinmu shi ne yarjejeniyar. In muka ce "sai abin da Allah ya yi", mun san sarai yadda za a ji ta: akwai rabo, a yi haƙuri. Ba mu yi ƙarya a lafazi ba, amma mun bar mutum da zaton da muka san ba haka ba ne, don aikinmu ya yi sauƙi, kuɗin yininmu ya fito.

Haka in mu ne masu binciken. Ɗan gari ya fi baƙo wuyar ƙi. Nasara zai tafi, amma ɗan gidan wane da ke karatu a Yamai, ko a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, za a haɗu da uwarsa a biki. Kusancin da muke taƙama da shi a gabatarwar memuwar, cewa mu ƴan ƙasa ne, an saki jiki da mu, shi ne kuma igiyar da ke ɗaure wanda muke tambaya.

Me ya kamata mu yi? A ganina aikin mai neman yarda shi ne ya sauƙaƙa wa mutum ƙi. Mu faɗi maganar da Hausar da ba ta da ƙofar baya: "Inna, wannan karatu ne. Ba furoje ba ce. Ba hatsi, ba kuɗi, ba a rubuta kowa. In kin amsa ba ki samun komi, in kin ƙi ba ki rasa komi." Mu faɗe ta a gaban jama'a, mu sake faɗin ta a keɓe inda maigari ba ya ji. Mu miƙa wa mutum tufafin ƙin da ya saba da su: "In kina da aiki yau, ba komi, mu wuce." In ta ce sai ta yi shawara, mu gaya wa mai binciken cewa an ƙi, kada mu ce masa an ɗaga. Mu nemi a karɓi yarda ta baki maimakon dangwala yatsa. In zai yiwu kuma, kada a shiga gari cikin motar ƙungiyar da ke rabo a garin.

Magana amana ce

Akwai kalmar da ta fi "yarda" dacewa da abin da ke faruwa a kan tabarmar nan, ita ce amana. Wanda ya ba ka labarin gidansa ajiya ya ba ka, kuma ajiya ana mayar da ita. An yi rubuce-rubuce masu daraja a kan ƙasarmu. Djibo Hamani ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975. Nicole Échard ta yi shekaru tana nazarin bori da maƙeran Adar. Bernard Caron ya wallafa littafi sukutum a kan Hausar Adar a 1991. Duk da Faransanci suke. Jikokin waɗanda suka ba da labarin, in ba su yi lakkwal mai zurfi ba, ba su da hanyar jin abin da aka ce kakanninsu sun ce. Ba laifin marubutan nake gani ba, zamaninsu ke nan. Amma mu ba mu da wannan uzurin. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa. Akwai rediyoyin karkara, akwai saƙon murya na WhatsApp da ke isa har rugar da ba ta da aji. Taƙaita memuwar cikin minti goma na Hausa, a aika wa garin da aka yi aikin, bai kai kuɗin buga kundin da ɗaure shi ba.

Kuma mayar da sakamakon yana gyara yardar gobe. Garin da ya taɓa jin abin da aka rubuta a kansa ya san me ake nufi da bincike. In wani ɗalibi ya zo baɗi, mutane za su amsa ko su ƙi da sani, har su iya ce masa, na bara ya ce kaza, ba haka ba ne. Ran da tsohuwa a Keita ta iya gyara wa mai digiri kuskurensa, ran nan ne za a ce ana bincike tare da mutane.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ƙarama ce. Mu zauna, ƴan harshe da ƴan zamantakewa da ƴan ilimi, mu rubuta kalaman neman yarda da Hausar da ake yi a Adar, mu gwada su a kunnen iyayenmu kafin mu kai su ƙauyen wasu, mu nemi ƴan uwa masu Tamajak da Fulfulde su yi nasu. Duk wanda zai yi rakiya ya tafi da su a aljihu, ya gaya wa mai ɗaukarsa tun a Yamai cewa da waɗannan zai yi aiki. Wasu za su nemi wani tafintan, ba shakka. Amma duk wanda ya fita teran a cikinmu, in ya dawo, kafin mu tambaye shi mutum nawa ya samu, mu fara tambayarsa mutum nawa suka ƙi shi.